Shuɗin akwati da satar layin waya, daga Amurka har Agege

Akwai zamanin da usur ɗin roba, irin wanda ake sakawa yara kyauta a cikin kwalin abincin safe, yake ba kamfanin waya mafi girma a duniya umarni kuma kamfanin ya bi ba musu. Ba tatsuniya ba ce wallahi, a Amurka aka yi, daga shekarun 1960 zuwa farkon 1970, kamfanin kuwa AT&T ne wanda a lokacin kusan duk wayoyin ƙasar a hannunsa suke. Ni sana'ata gyaran waya da rediyo, Ikeja nake fita aiki Agege nake kwana, kuma tunda na fara bin tarihin mutanen da suka yi wannan abu, da usur da kuma wata 'yar na'ura da ake kira shuɗin akwati, zuciyata ta rabu biyu a kansu, ina sha'awar basirarsu sosai amma kuma na san abin da satar layi ta jawo wa mutanenmu a nan Legas, na gani da idona, shi yasa nake so mu yi maganar dalla dalla.

Da can idan kana son kiran wani gari sai ka ɗaga waya afareta ta amsa, ka faɗa mata inda kake so ta soka maka igiya a ramin da ya dace. Da masu waya suka yi yawa sai aka ga hannun mutum ba zai iya ba, aka koma injina, a 1951 aka fara bari mutum ya buga lambar wani gari mai nisa da kansa a Amurka ba tare da afareta ba. Toh amma injin garinku dole ya yi magana da injin wancan garin, ya ce masa ga kira nan tafe, ga lambar da ake nema, an ɗauka, an ajiye. Ta ina za su yi wannan maganar? Jan wata waya ta daban tsakanin garuruwa kuɗi ne mai yawa, sai injiniyoyin suka ce ai ga waya nan da muryar mutane ke bi, bari injinan su ma su bi ta nan, su riƙa magana da sauti. Suka zaɓi wani siririn sauti mai kaɗawa sau 2600 a daƙiƙa ɗaya, duk babban layin da ke tsakanin garuruwa in ba kowa a kansa wannan ƙarar yake yi, ma'anarta layi a sake yake. Lambobi kuma ana aika su da wasu sautuka shida, ana haɗa biyu biyu, kowane haɗi lamba ɗaya.

Matsalar ita ce injin ba ya tambayar daga bakin wa sautin ya fito. Kamar maigadin da ba ya leƙawa ne, da ya ji hon irin na maigida sai ya wangale get ko wane ne a cikin motar. Mutum zai kira lambar kyauta irin ta kamfanoni mai farawa da 800, tana cikin ringin sai ya saki wannan sautin a bakin waya, injin can nesa sai ya ɗauka an ajiye waya ya saki kiran ya tsaya jiran sabuwar lamba, shi kuma injin garinku wanda shi ne mai rubuta bil bai ga ka ajiye komai ba, a wurinsa har yanzu kana kan kiran kyauta. Daga nan duk lambar da ka tura da waɗancan sautukan za a haɗa ka da ita, ko Landan ce ko Tokiyo. Kada wani yaro ya karanta wannan ya tafi neman usur, wannan ƙofa an toshe ta shekaru da dama da suka wuce, tarihi kawai nake ba ku.

Wanda labarinsa ya fi taɓa ni a cikinsu shi ne Joe Engressia. An haife shi makaho a 1949, Allah kuma ya ba shi kunnen da in ya ji sauti sau ɗaya zai maimaita shi daidai ba ƙari ba ragi. Yana ɗan shekara bakwai ko kusa da haka yana wasa da waya yana fito da baki sai ya lura in ya kai wani amo layin yana yankewa, ya sake ya kuma yankewa, yaro ƙarami ya gano da leɓensa abin da manyan injiniyoyi suka ɗauka ba wanda zai taɓa kaiwa gare shi a waje. A 1968 yana jami'a a jihar Fulorida aka kama shi yana haɗa wa ɗalibai kiran nesa da fito yana karɓar dala ɗaya, a 1971 aka sake kama shi a Memphis, daga baya wani reshe na kamfanin wayar ya ɗauke shi aiki a Denver saboda yana jin matsalar layi da kunne kafin na'ura ta nuna. Ya canza sunansa zuwa Joybubbles, ya rasu a 2007. Duk lokacin da na wuce wajen Agege ko Idi-Araba na ga yaranmu makafi ana jansu ana bara sai na tuna da shi, ina tambayar kaina kunnuwa nawa irin nasa ne a cikinsu waɗanda ba wanda ya taɓa miƙa musu wata na'ura ya ce ku saurara ku faɗa min me kuka ji.

Kuma ba shi kaɗai ba ne, yara makafi da yawa ne a cikin harkar, waya ita ce filin wasansu, sun gano layukan gwaji na kamfani inda mutum biyu ko fiye za su haɗu su yi ta hira daga garuruwa daban daban, da dare suna koya wa juna abin da kowa ya gano. Su ne suka nuna wa John Draper, wani tsohon sojan sama da ya iya haɗa kayan lantarki, cewa usur ɗin da ke cikin kwalin abincin Cap'n Crunch in ka toshe rami ɗaya 2600 yake bayarwa cif, daga nan ya samo laƙabin Captain Crunch. Amma usur layi kawai yake buɗewa, tura lamba sai da waɗancan sautuka masu haɗi biyu, kuma maɓallan wayar gida sautinsu daban ne da na injinan kamfani, shi yasa aka shiga ƙera wani ɗan akwati mai maɓallai da sifika da batir wanda ake kira shuɗin akwati, ka manna shi a bakin waya ka danna. Abin mamaki kuma kamfanin da kansa ne ya wallafa adadin kowane sauti a mujallarsa ta injiniyoyi a 1960, mujallar da ke ajiye a laburaren jami'o'i kowa na iya ɗauka. Ba ɓoyewa suka yi ba saboda ba su taɓa kawowa a ransu cewa ɗan sakandare zai zauna ya karanta ya gane ba, kuma a ganina wannan raina mutane ɗin shi ne asalin ramin da suka faɗa, ya ma fi matsalar waya ɗaya.

A watan Oktoba na 1971 mujallar Esquire ta buga dogon labari a kansu wanda Ron Rosenbaum ya rubuta, daga nan magana ta fito fili. Cikin waɗanda suka karanta akwai wani ɗalibi Steve Wozniak, ya kira abokinsa Steve Jobs wanda a lokacin ɗan sakandare ne, suka tafi laburare suka tabbatar lambobin gaskiya ne, Wozniak ya zauna ya ƙera nasa akwatin na dijital wanda sautinsa ba ya kaucewa kamar na sauran, Jobs kuma yace ai wannan abin sayarwa ne, suka riƙa bin ɗakunan kwanan ɗalibai a jami'ar Berkeley suna sayar da ɗaya wajen dala 150. Wozniak har fadar Fafaroma ya kira yana cewa shi ne Henry Kissinger, wani babban jami'in gwamnatin Amurka na lokacin. Wata rana wani da suka je sayar wa ya zaro musu bindiga ya ƙwace akwatin. A 1976 su biyun nan suka kafa Apple, kuma Jobs da bakinsa ya faɗa daga baya cewa ba don shuɗin akwati ba da ba a yi Apple ba, don a nan suka fara gane cewa su biyu za su iya haɗa abu da hannunsu ya juya wata ƙatuwar na'ura ta biliyoyin daloli. Duk iPhone ɗin da ake kawo min canjin sikirin yanzu, asalin kamfanin daga nan ya taso.

Akwai wasu akwatunan ma, kowanne da launin da aka laƙaba masa. Ja shi ne mai kwaikwayon ƙarar da wayar kan titi take aikawa idan an jefa mata kwabbai, sai injin ya ɗauka an biya. Baƙi kuma a wayar mai karɓar kira ake sa shi, ya sa injin ya ɗauka har yanzu ringin ake yi ba a ɗauka ba alhali mutane suna ta hira. Akwai kuma wanda ba wata dabara a cikinsa, kan waya ne kawai da 'yan maƙalai biyu irin na ma'aikatan gyaran layi, a je a maƙala a wayar wani a yi kira da sunansa. Ku riƙe wannan na ƙarshen, shi ne namu na Legas.

Kamfanin bai zauna ba. Daga 1964 zuwa 1970 sun kafa wasu na'urori a asirce da suka bi diddigin kira sama da miliyan 30 suna neman wannan sauti, suka naɗi sama da miliyan ɗaya a faifai, mutanen da yawancinsu ba su san hawa ba ba su san sauka ba aka saurari farkon hirarsu, sai a 1975 jarida ta tona. An kama Draper a 1972 kuma daga baya ya yi zaman gidan yari. Amma kamu bai kashe abin ba, abin da ya kashe shi gyaran asali ne, daga 1976 suka fara raba hanya, muryar mutane ta bi nata layin, umarnin injina ya bi wani layi na daban da mai waya ba ya iya kaiwa gare shi, wannan tsarin ne ya zama SS7 da duniya ta ɗauka. Ka yi ta fito har leɓenka ya bushe ba injin da ke sauraronka. Lambar dai ta zauna a tarihi, har mujallar masu kutse da aka fara bugawa a 1984 sunanta 2600.

Toh mu dawo gida. Mu a Najeriya matsalarmu ta farko ba tsadar kira ba ce, samun layin ne ma gaba ɗaya. An kafa NITEL, kamfanin waya na gwamnati, a 1985 bayan an haɗe ɓangaren waya na ma'aikatar gidan waya da sadarwa wato P&T da NET mai kula da kiran ƙasashen waje, masu dogon benen nan na Marina, kuma har zuwa 2001 layukan da ke aiki a ƙasar baki ɗaya wajen 400,000 ne, ga mutane sama da miliyan 100. Legas 01, Kaduna 062, Kano 064, duk wanda ya yi zamanin ya haddace su. Ɗan arewa da ke Mile 12 ko Alaba Rago ko Obalende in yana son jin gida yawanci wasiƙa ce ta hannun direban tirela, ko ya sayi kaset ya naɗi muryarsa ya gaishe da kowa da kowa ɗaya bayan ɗaya a kai a kunna a tsakar gida, bayan sati biyu ko uku amsa ta dawo. In magana ta gaggawa ce, rasuwa ko haihuwa, sai a je shagon wani Alhaji mai waya a kira wani Alhajin mai waya a Kano a ce don Allah a aika yaro unguwa kaza a kira wane, za a sake bugowa bayan la'asar. Waya ɗaya tana ɗauke da unguwa guda. Shi yasa mai waya yana da daraja, kuma shi yasa layinsa ya zama abin sata.

Ƙaramar satar da kusan kowane gida mai waya ya sani ita ce ta kwaɗo. Wayar nan mai faifan juyawa, maigida zai sa ɗan ƙaramin kwaɗo a ramin lamba don kada a juya in ya fita, a karɓi kira dai amma kada a buga. Sai yara suka gano faifan ba wani abu yake yi ba illa yanke layi da haɗawa da sauri, lamba uku yankewa uku, sifili yankewa goma, toh ai ɗan maɓallin da ake ɗora kan waya a kai shi ma abin da yake yi kenan, sai su riƙa bubbuga shi da yatsa suna ƙirgawa. Ba wanda ya karanta mujallar injiniyoyi a cikinsu, kunne ne da lura kawai, irin dai na Engressia. Ni har yau in na tuna wannan ina jin daɗi a raina cewa basirar nan ba ta wata ƙasa ba ce ita kaɗai, duk da dai ƙarshen wata in bil ya zo bulala ce ke biyo baya.

Babbar satar kuwa ita ce jan layi, kuma wannan a gidanmu ta faru. Kawuna yana da sito na goro a Agege, yana da waya saboda cinikinsa da mutanen Kano da Sakkwato, ni ina yaro ina masa aike. Wayar ta fara wasu halaye, da rana lafiya lau, da dare in ka ɗaga sai ka ji shiru ko ka ji ƙas ƙas kamar ana taɓa wani abu, wani lokacin mutanen gida su ce sun yi ta bugowa bayan isha'i layi a cike alhali sito a kulle yake. Sai bil ya zo da kuɗin da ya fi ribar wata da wata, kiran Ingila, Amurka, Jamus, Italiya, mutumin da iyakar kiransa na waje Makka ne lokacin aikin Hajji. Kafin a gano gaskiya abin da ya faru shi ne ya fi min ciwo, don zargi ya fara sauka a kan na kusa, yaran shago, ɗan ɗakinsa da ya riƙe masa makulli shekara da shekaru, har aka kai ga rantsuwa da Alƙur'ani a gaban mutane. Wani dattijo mai gyaran rediyo a layinmu, wanda daga baya a hannunsa na koyi sana'a, shi ne yace Alhaji a bar zargin yaran nan tukuna a bi waya, ya ɗauki tsani ya bi ta daga bango zuwa falwaya yana shafawa da hannu, can bayan wata katanga ya tarar an feƙe roba an ɗaura wata siririyar waya an shafe ta da baƙin fenti, ta bi ta cikin kwata ta shiga wani ɗaki a bayan layi inda ake sayar wa mutane kiran waje da dare a farashi mai sauƙi. Kafin a zo da 'yan sanda sun kwashe kayansu. Kawu ya biya kuɗin a hankali don kada ya rasa layin, amma ɗan ɗakin nan nasa bai ƙara zama ba, yace Alhaji na yafe amma wurin da aka sa ni rantsuwa ba zan iya ci gaba da cin abinci a cikinsa ba, ya koma gida.

Irin wannan ya yi yawa a Legas a shekarun 1990, duk wanda ya riƙe waya a lokacin zai ba ka labari makamancinsa, kuma 'yan 419 ma suna son layin da ba sunansu a kai don aika faks da kiran waɗanda suke damfara a waje, ka ga in bincike ya biyo lamba ƙofar bawan Allah zai tsaya.

A nan ne nake rabuwa da masu ba da labarin shuɗin akwati kamar wani abin jarumta zalla. Eh akwai bambanci, yaron da ya zauna dare da rana yana sauraron ƙas ƙas ɗin injina har ya zana taswirar layukan ƙasarsu a kansa, wasu ma har kiran kamfani suke su ce layinku kaza ya lalace ku gyara, ba ɗaya yake da wanda ya feƙe wayar maƙwabcinsa ba. Na farko ilimi yake nema, na biyu ko tunanin yadda waya ke aiki bai dame shi ba, filaya da tsani kawai ya sani. Amma da zarar an fara sayar da akwatin dala 150 magana ta canza, waɗanda suka saya ba ilimi suke nema ba, kuma sananne ne cewa 'yan caca da masu harkar ɓoye sun yi amfani da shi don kiransu kada ya bar sawu. Kuma cewa wai kamfani ne ake cuta ba mutum ba, ni ban yarda da wannan ba, mu da muka tashi da karatun allo mun san haƙƙi haƙƙi ne ko na attajiri ne, kuma asarar kamfani daga ƙarshe a bil ɗin talaka take fitowa. Abin da na ɗauka daga wurinsu shi ne naci da kunnen, ba kiran kyautar ba.

GSM ce ta zo ta share duk wannan. A Janairun 2001 hukumar NCC mai kula da sadarwa ta yi gwanjon lasisi, kowanne dala miliyan 285, a watan Agusta MTN da Econet suka fara aiki, minti ɗaya naira 50 ko da daƙiƙa biyar ka yi, sai da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa sannan sauran suka bi. Cikin 'yan shekaru lema da tebur da waya suka cika kowace kwana, daga baya su ma suka ɓace da kowa ya samu tasa a aljihu. Wayoyin tagulla da ke ƙarƙashin titunan Legas da kan falwaya aka bar su, ɓarayi suka bi dare suna tonowa suna ƙona robar suna sayar da jan ƙarfen a kilo. A nan ina roƙon 'yan uwana masu sayen gwangwan, don yawanci mu ne a harkar nan kuma mu ake fara kamawa, in an kawo muku kebul da kuka ga alamar na kamfani ne ku bar shi ko nawa ne ribar, yanzu ma yawanci na gilashi ne a ciki ba tagullar da za a samu, an yanke an jefa unguwa guda cikin rashin sabis, masu POS sun tsaya, banki ya tsaya, a banza.

Kuma kada ku ɗauka harkar ta mutu, kaya ta canza. Kun taɓa ganin ɗan uwanku ya kira daga Saudiyya ko Dubai amma lambar da ta fito 080 ce ko 070 kamar yana Oshodi? Wani ne ya ajiye akwati mai cike da layukan sim a wani ɗaki, kiran ya zo masa ta intanet ya tura shi ta sim ɗin gida don kada a biya kuɗin shigowar kiran waje, shi yasa muryar take rawa kuma in ka bi lambar ba ta shiga. NCC ta sha yin gargaɗi da hukunci a kan wannan. Shi kansa SS7 ɗin da ya kashe shuɗin akwati an gina shi ne a kan cewa duk wanda ke cikin layin umarni ɗan gida ne abin yarda, lokacin kamfanoni kaɗan ne, yanzu kuwa sun yi yawa a duniya. A 2014 masu bincike a Jamus suka nuna a bainar jama'a cewa wanda ya samu shiga zai iya gano inda waya take ya kuma karkatar da saƙonni, a 2017 kuma a Jamus ɗin aka yi amfani da hakan aka tare lambobin sirri da banki ke turowa ta tes aka kwashe kuɗin mutane. A nan gida ɓarayin ma ba sa wahalar da kansu haka, kira kawai za su yi su ce daga banki ne ka karanto lambar da aka turo maka, kuma kullum sai an samu wanda ya karanta, ranar nan ma wani mai shayi ya zo shagona yana kuka a kan haka. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan kuma ta haɗa da sauraron sadarwar mutane ba izini, amma kafin doka ta iso kuɗi sun riga sun tafi.

Ni abin da ke hannuna shi ne yaran da iyayensu suka kawo min koyon aiki. Kwanaki wani ya kawo irin wancan akwatin mai sim da yawa wai a duba masa wutarsa, nace masa ba na taɓa irin wannan ya kai wani wuri. Bayan ya tafi ƙaramin yaron shagona, wanda bai fi shekara 15 ba, yace Oga wai me yake yi ne haka, yaya waya ɗaya take ɗaukar sim talatin? Ban ce masa ba ruwanka ba, don irin wannan tambayar ce nake nema a wurin yaro, in ka kashe ta a bakinsa wani zai amsa masa a bayan layi ya kuma ba shi aikin da zai kai shi Kirikiri. Na zauna na zana masa yadda kira ke tafiya tun daga wayar tebur, na ba shi labarin Engressia da na kawuna duka biyun. Da na je Alaba sai na sayo tsofaffin wayoyin tebur guda biyu a wurin masu kayan gwanjo, muka haɗa su da waya mai harshe biyu da batir mai bolt 9 da resisto ɗaya a jere, ɗaya a gaban shago ɗaya a ɗakin baya, ya ɗaga ya ji muryata ta fito tar ba kati ba sabis ba kamfani. Na kuma ba shi ƙaramin aisi, wato ɗan guntun kayan lantarki mai ƙafafu, mai lamba 555 wanda tun 1972 ake amfani da shi, ya haɗa da sifika yana juya maɓalli sauti na hawa yana sauka, muka buɗe manhajar auna sauti a waya yana gwada kunnensa, ya rufe ido ya ce wannan ya kai dubu biyu, a duba a ga ko ya yi kusa.

Yanzu abin da ya hana shi sakat shi ne ƙararrawa, wayoyin suna magana amma ba sa ringin, in yana son in ɗauka sai ya ƙwala min kira ta ƙofa. Na faɗa masa batir ba zai iya ba, ƙararrawar tsohuwar waya tana son wuta mai kai da komo wajen sau 20 zuwa 25 a daƙiƙa kuma mai ƙarfi, bolt 70 zuwa 90, wadda in ta taɓa yatsa za ka ji ta sosai, don haka na hana shi haɗa komai in ba na wurin. Ya samo wata ƙaramar taransifoma daga cikin matacciyar rediyo yana ta auna ƙafafunta da mita yana rubutawa a bayan kwali, ranar Asabar in kasuwa ta lafa za mu gwada.